Zauren Uwargida Da 'Yanmata: Kafin Ki Dirje Tsohon Kasko, San Irin Ruwan Da Ke Jikinsa

Hirarmu ta yau ta kicin ce, sai dai za ta kai mu nesa, har can ƙasar Amurka, inda ake da wasu mutane maza da mata waɗanda ba su da abin so kamar tara tsofaffin kasake da tukwanen ƙarfe na zamanin kakanninsu. Suna bin kasuwannin gwanjo da gidajen da ake sayar da kayan gado suna tsinto su, su wanke, su jera a bango, wasu su yi girki da su, wasu kuma su sayar da tsada.

Na san wata za ta ce, to Anti mu ina ruwanmu da kaskon Bature? Da ruwanki mana ƙanwata. Mu ne fa masu jere. Duk wadda ta tashi a ɗakin kaka ta ga langa da fanteka da tasa an shirya su reras har kusa da rufi, ta san cewa kwano ba na cin abinci ba ne kaɗai, dukiya ce kuma ado ne. Bayan haka, irin waɗannan kasake jefi-jefi sukan faɗo cikin kayan gwanjon da ake shigowa da su daga waje, a tsakanin tsofaffin tukwane da cokula. Wasu baƙaƙe ne wuluk, wasu kuwa farare ne masu ƙyalli kamar azurfa, kuma a kan masu ƙyallin nan ne za mu yi magana. Wannan ƙyalli wata 'yar siririyar fata ce aka lulluɓa wa ƙarfen, kamar dai yadda ake yi wa sarƙa ruwan gwal. Fatar kuwa iri-iri ce, kowace da halinta. Wadda ba ta san wace iri ce a hannunta ba, ko dai ta yi asarar kuɗinta wajen saye, ko ta lalata kayan wajen wanki, ko kuma ta ciyar da iyalinta abin da bai kamata ya shiga ciki ba.

Asalin kasaken

Ƙarfen zubi ake ce wa irin wannan ƙarfe, wato wanda aka narka ya zama ruwa, aka zuba shi cikin ƙirar da aka yi da yashi, ya huce ya ɗauki siffar kasko ko tukunya. Yana da nauyi, yana riƙe zafi, kuma idan ya faɗi ƙasa da ƙarfi tsagewa yake yi, ba ya lanƙwashewa. Tun a 1707 wani Baturen Ingila mai suna Abraham Darby ya sami takardar mallakar fasahar zuba tukwane cikin yashi, abin da ya sa suka yi araha har talaka ya iya saye.

A Amurka sunaye uku ne masu tarawa suka fi ambata. Na farko Griswold, kamfanin da ya fara aiki a 1865 a garin Erie na jihar Pennsylvania. Kasakensa na farko-farko kalmar ERIE kaɗai za ki gani a gindinsu, daga baya ne suka koma sa sunan GRISWOLD a cikin wata alama mai kama da kuros, da'ira ta kewaye ta. An rufe masana'antar ta Erie a 1957. Na biyu Wagner, wanda wasu 'yan uwa biyu, Milton da Bernard Wagner, suka kafa a 1891 a garin Sidney na jihar Ohio, kuma a hannunsa sunan Griswold ya ƙare bayan rufewar Erie. Na uku Lodge na jihar Tennessee, wanda ya fara a 1896, shi kam har yanzu yana nan yana zubi. Lambar da za ki gani a mariƙi ko a gindi, kamar 6 ko 8 ko 10, ta girman kaskon ce, an yi ta ne daidai da bakin murhun itace na wancan zamani. Lamba 8 faɗinsa yakan kai kusan inci 10 da rabi.

To me ya kawo maganar ruwa? Tsatsa ce ta kawo ta. Ƙarfen zubi idan ya kwana da laima sai ya yi ja, kuma matan wancan lokaci ma kamar mu suke, suna son abin da za a ɗauko daga murhu a kai gaban baƙo ba tare da jin kunya ba. Sai kamfanonin suka riƙa tsoma wasu daga cikin kayansu a wani ruwan magani, su sakar masa wutar lantarki, wani farin ƙarfe ya bi ya manne a jikin kaskon. Wagner ya fara fitar da masu ruwan nikel tun 1892. Ruwan kurom kuwa bai shigo kasuwa ba sai cikin shekarun 1920, ya kuma yi tashe a jikin kasake a shekarun 1930. A lokacin, mai ruwa ya fi baƙi tsada, na masu hannu da shuni ne.

Gwajin farko: ƙarfe ne ma kuwa?

Kafin ki tsaya tantance irin ruwan, fara tabbatar da cewa akwai ƙarfe a ƙarƙashinsa. Waɗannan kamfanoni sun yi kasake na alminiyam masu siffa ɗaya sak da na ƙarfen, da suna iri ɗaya a gindi. Wagner ma yana cikin na farko-farkon da suka fara zuba alminiyam a 1894. Dabarar mai sauƙi ce. Ki tafi kasuwa da ɗan mayen ƙarfe a jaka, ko da irin wanda ake cirowa daga tsohuwar lasifikar rediyo ne. Idan kin kara shi ya manne, ƙarfe ne aka yi wa ruwa. Idan ya zame ya faɗi, alminiyam ne, ɗan uwan tukunyar zubin da maƙeranmu ke yi a nan gida. Hannunki ma zai gaya miki, domin ƙarfen zubi ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau biyu da rabi. Wanda kika ɗaga da yatsa uku ba wahala, ki san ba ƙarfe ba ne.

Nikel ne ko kurom?

A nan ne ake yawan ruɗewa, har su masu tarawar sukan yi gardama a kai. Kada ki duba a cikin rumfa mai duhu ko ƙarƙashin ƙwan lantarki, fito da shi hasken rana. Nikel farinsa yana da ɗan ratsin rawaya, kamar tsohuwar azurfa ko madarar da ta ɗan dahu, kuma da ya tsufa sai hasken ya dushe ya zama mai laushi a ido. Kurom kuwa farinsa yana karkata zuwa shuɗi-shuɗi, kuma ko ya shekara tamanin, inda bai ɓare ba yana nan garau kamar madubi. Idan kin tuna ƙyallin kan famfo sabo, ko bambar tsohuwar mota, to wannan shi ne kurom. Idan idonki ya kasa rabewa, ɗauki farar takarda ki kara kusa da jikin kaskon ki dubi inuwarta a ciki. A jikin nikel takardar za ta fito da ɗan launin rawaya, a jikin kurom za ta fito fara tas ko da ɗan shuɗi. In kina da wani abu a jaka da kika tabbatar kurom ne, haɗa su gefe da gefe, nan take bambancin zai bayyana.

Shekarun kaskon ma shaida ne. Tunda kurom bai zo ba sai shekarun 1920, kaskon da aka rubuta wa ERIE kaɗai, wanda aka zuba tun kafin wannan lokaci, idan ruwansa na asali ne to nikel ne. In kika ga irin wannan tsoho yana walƙiyar shuɗi, daga baya wani ya kai shi aka yi masa sabon ruwa, kuma masu tarawa ba sa ɗaukar wannan da daraja.

Sai dai ki lura, ba kowane kurom ne ke ɗaukar ido ba. Griswold ya yi wanda aka goge ya zama madubi, ya yi wanda bai goge ba mai dishi-dishi da ya kira Silverlike, ya kuma yi wanda ya haɗa biyun, wani wuri a goge wani wuri a dushe, da ya kira Du-Chro. Saboda haka rashin walƙiya kaɗai bai isa ki yanke hukuncin cewa nikel ne ba. Launin za ki bi, rawaya ko shuɗi.

Sauran fatun

Akwai ruwan kuza, wato farin ƙarfen nan da aka daɗe ana haƙa a Jos. An fi yin sa a cikin tsofaffin tukwanen Ingila, irin na kamfanin Kenrick, da jikin injin niƙa nama na hannu. Shi launinsa toka-toka ne mai haske, yana da taushi har bakin cokali yakan bar masa zane, kuma yana narkewa a zafin digiri 232 kacal. Tukunya mai kuza idan aka ɗora ta a wuta ba komai a ciki, sai ki ga ruwan ya tattare ya yi ƙwallaye.

Akwai rufin tangaran, wanda ku kun fi kowa saninsa, domin shi ne a jikin langa da fanteka. Garin gilashi ne ake barbaɗawa a gasa har ya narke ya manne. Kamfanin Le Creuset na Faransa da shi ya yi suna tun 1925. Gane shi ba wuya: yana da kauri, yana da santsi kamar kofin shayi, yana zuwa da launuka, kuma idan ya bugu ɓallewa yake yi ya bar baƙin tabo mai kaifin baki.

Akwai kuma biyu da nake so ku guje su. Ɗaya ruwan tutiya, irin na kwanon rufi da bokitin ƙarfe, wanda za ki ga jikinsa dabbare-dabbare kamar an zana ganyaye. Wannan ba a yi shi don girki ba sam. Ɗayan kuwa fenti ne kawai. Wani zai sami kasko mai tsatsa ya fesa masa fenti ruwan azurfa don ya rufe aibinsa. Kankare shi da farce a wani lungu, ko ki ɗiga ruwan goge jan farce a auduga ki murza. In audugar ta ɗauko launi, fenti ne. Ruwan gaskiya ba ya bin auduga. Ku da samari ke zuwa zance cikin aron babbar riga, ai kun san wannan darasin tun kafin ni in faɗa.

Idan baƙi ya rufe shi fa?

Sau da yawa kasko mai ruwa yakan zo baƙi ƙirin, saboda mai da hayaƙin shekaru sun daskare a kansa. Duba wuraren da wuta ba ta cika kaiwa ba, wato ƙarshen mariƙi, cikin ramin da ake rataye shi, da leɓen sama. Idan kika ga fari yana leƙowa a nan, akwai ruwa a ƙarƙashin baƙin. Amma a kula, ƙarfen zubin da aka goge sosai shi ma yakan yi fari-fari. Bambancin shi ne, tsuran ƙarfe launin toka ne mai duhu, kuma idan kika shafa masa ruwa kika bar shi ɗan lokaci zai fara yin ja. Wurin da ke da nikel ko kurom ba ya yin haka. A jikin mai ruwa kuma kusan kullum za ki sami iyaka, inda farin ya cinye baƙin ƙarfe ya bayyana, musamman a tsakiyar ciki inda cokali ya sha kai kawo.

Wanki: garin gyaran gira kada a rasa ido

Mu an koya mana cewa tukunya ba ta fita sai an sa toka da yashi da soson ƙarfe an dirje har hannu ya yi ja. To wannan tarbiyyar ki ajiye ta gefe idan kin zo kan kasko mai ruwa. Fatar nan ba ta kai kaurin takarda ba, yashi zai zazzane ta, soson ƙarfe zai cinye ta, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan. Kada ki jefa shi cikin wuta wai don baƙin ya ƙone, zafi mai yawa yana sauya wa ruwan launi ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu wanda ba ya gogewa, wani lokaci ma kaskon ya karkace ko ya tsage. Kada ki jiƙa shi cikin ruwan tsami ko tsamiya ko lemon tsami, domin tsamin yakan bi ta inda ya ɓare ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga sauran.

Abin da ya dace shi ne ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi, da haƙuri. Ki jiƙa, ki wanke, ki sake, sannan ki tsane shi sarai da tsumma, ki shafa ɗan man gyaɗa a wuraren da ƙarfe ya fito don kada su yi tsatsa. Masu tarawa a Amurka sukan jiƙa masu nikel da kurom cikin ruwan soda irin ta haɗa sabulu, wadda ke cinye daskararren mai ta bar ruwan. Amma sodar nan tana ƙona fata, tana makantarwa idan ta faɗa ido, tana kuma cin alminiyam da kuza, ta dusar da tangaran. Ba aikin 'yar makaranta ba ne, kuma ba a yin sa a gidan da yara ke rarrafe.

A yi girki da shi ko a rataye?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Idan ruwan nikel ko kurom yana nan lafiya lau bai ɗaga ba, ana iya soya ƙwai ko nama a ciki, sai dai abinci ya fi kamawa a jikinsa, tunda mai ba ya zama ya yi masa baƙin santsin nan da yake yi wa tsuran ƙarfe. Idan kuwa kin shafa kin ji yana ɓarewa, ko kin ga ya yi ƙuraje yana tashi, to ya gama aikin murhu, ki rataye shi ya zama ado. Ba wadda ke son ɓarɓashin ƙarfe a cikin wainar yaranta.

Ko lafiyayye ne, kada ki dafa abu mai tsami a cikin mai nikel, kamar miyar tumatir ko yakuwa ko zoɓo, domin tsami yana jawo nikel ya shiga abinci. Kuma duk wadda ta san ɗan kunne ko sarƙa mai araha na sa mata ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne ko wuya, to sau da yawa nikel ne jikinta ba ya so, gara ta bar girki da irin wannan kasko gaba ɗaya. Haka nan tangaran da ya ɓalle daga ciki, gilashi ne ke gutsurewa. Tsofaffin launuka masu kauri kuma, ja da rawaya da ruwan lemo, wasu an haɗa su da sinadarai masu guba, don haka tsohuwar tukunyar da cikinta ke da irin wannan launi ta fi dacewa da jere.

Akwai wani haɗarin da ya fi duk waɗannan. A Amurka mutane sun sha amfani da tsofaffin kasake da ƙananan tukwanen ƙarfe wajen narka dalma don yin harsashi da nauyin ƙugiyar kamun kifi. Dalmar takan bar wani fari-fari ko toka-toka a cikin kaskon, wanda marar sani zai ɗauka ragowar ruwan azurfa ne. Ga yadda za ki raba su: ruwan kamfani yana bin ko'ina daidai wa daida, ciki da waje har mariƙi, ita kuwa dalma a ciki kaɗai take, a daskare, wani wuri tudu wani wuri kwari, kuma tana da taushi. Mu nan ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Wanki ba ya fitar da ita. Kaskon da kike kokwanto a kansa, kada ko ruwan zafi ki dafa a ciki.

Wajen ciniki

Mai kaya zai ce miki, Hajiya duba fa, ruwan azurfa ne. Ki yi murmushi kawai. Abin mamakin shi ne, kaskon da ya fi tsada a zamaninsa yau shi ne baya a wurin masu tarawa. Sun fi son baƙi tsuran ƙarfe, domin shi ko ya yi tsatsa ana gyara shi ya dawo sabo, mai ruwa kuwa idan ya cinye ya cinye. Sai wanda ruwansa ke nan cif bai taɓu ba ne ke riƙe darajarsa, irinsa kuma ba shi da yawa. Don haka ƙyalli rabi da rabi dalilin neman ragi ne a wurinki. Ki ɗora shi a kan tebur ki danna gefe ki ga ko yana rawa, ki ƙwanƙwasa shi ki ji, lafiyayye yana amsawa da ƙara mai daɗi, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Ki dubi rubutun gindi, na asali a fili yake tsaf, na jabu a cakuɗe yake, jikinsa kuma da kaushi kamar dutsen niƙa.

Wannan ilimin zai yi miki amfani har ranar da za a je sayen kayan ɗakinki. Mayen ƙarfe a jaka, hasken rana, farce da 'yar auduga, su ke nan kayan aikin, ba wanda ya fi ƙarfin 'yar makaranta. Kada ki ji kunyar juya tukunya ki karanta gindinta a gaban mai shago, kuɗinki ne ko na mahaifinki za a ƙirga, kuma matambayi ba ya ɓata.

A nan zan dakata sai fitowa ta gaba. Masu tambaya a kan kayan kicin ko gyaran ɗaki, ƙofar zauren a buɗe take, ku aiko da wasiƙunku kamar kullum. A gaida su Mama, a kuma dage da karatu. Na bar ku lafiya.